Mussar Inna da Maganin Maraƙi

Ni ne ɗan farin Inna, kuma a danginmu na wajen Kebbe uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko yabonsa aka yi a gabanta sai ta kau da kai kamar zancen ɗan maƙwabta ake yi. Kunya ake ce wa abin, kuma mace takan yi alfahari da ita. Wasu matan sukan sassauta idan yaro ya girma ya yi iyali. Inna ba ta sassauta ba.

Ana yaye ni aka kai ni Tambuwal wurin Goggo, yayar babanmu. Can na yi karatu, can na zama malamin makaranta, can na yi aure. Ƙannena da suka tashi a gaban Inna kuwa, su suke ja mata zane, su sa hannu a ƙwaryarta, autarmu ma har faɗa take yi da ita a kan gishirin miya. Ni idan na je, sai in durƙusa daga bakin ƙofar ɗakinta in yi ta jero gaisuwa, ita kuma ta juya tana amsa wa bango.

Ban taɓa gaya wa kowa abin yana damuna ba. Namiji da furfura a gemu ba ya zama ya ce yana son uwarsa ta kira sunansa, dariya za a yi masa har a faɗi. Amma yana damuna. Nakan ji ta ƙwala wa auta kira daga madafa, kira na faɗa ma ba na daɗi ba, sai in ji ina ma ni ake wa faɗan.

Bayan rasuwar babanmu, ɓeraye suka addabi rumbunan gidan, sai wani ya kawo wa Inna 'yar mussa. Haka muke kiran kyanwa a ƙasarmu. Fara ce, da baƙin tabo a kunne ɗaya, ga jin kai. Ba ta zuwa wurin kowa sai Inna, kuma inda Inna ta shimfiɗa tabarma nan take naɗewa. Wata ranar Asabar na je gaisuwa, na gama jero tawa, an amsa wa bango kamar kullum, ina shirin tashi sai na ji Inna ta ce:

"Mussa, ki tambayi mai babur ko ya ci abinci."

Na waiga, ba wani mai babur a gidan sai ni. Auta tana tsakar gida tana tankaɗe, ta toshe baki da gefen gyale tana ƙyaƙyatawa. Can dai na dubi mussar, ita ma tana dubana da raini, na ce, "Mussa, ki ce mata ban ci ba."

Daga ranar muka sami hanyar hira. Ta bakin mussa na san gwiwar Inna tana ciwo idan hadari ya haɗu. Ta bakinta na ji cewa hular da nake taƙama da ita ba ta yi mini kyau ba. Wata rana ma Inna tana damun fura ta ce, "Mussa, ke ba ki san shi ba shina jinjiri. Kuka garai awa ɗan akuya, ba shi barin kowa kwana." Na koma Tambuwal ina jujjuya wannan magana a raina har na wuce kwanar gidana ban sani ba. Ashe dai ta taɓa goya ni, ashe ta tuna.

Sai dai hirar tana da sharaɗi. Muddin mussa tana kan tabarma, magana tana gudana. Da ta miƙe ta yi hamma ta fice, sai Inna ta yi ɗif, ko da a tsakiyar zance ne. Don haka na koyi zuwa da busasshen kifi a aljihu, ina ɗan ɓantara ina ajiye mata don ta zauna. In faɗi gaskiya, ni ba son mussa nake yi ba. Ba na son gashinta a rigata, ba na son yadda take kallon mutum kamar ta san asirinsa. Amma na yi mata fadanci irin wanda ban taɓa yi wa shugaban makarantarmu ba.

Da damina ta yi nisa a wata shekara, na je na tarar gashin mussa ya zube a bayan kunne da gefen wuya. Wurin ya yi fili, zagaye kamar an ɗora kwabo an zana, fatar ta yi fari-fari tana ɓarewa. Makero ne, kowa ya gane shi. Inna ta gwada toka, ta gwada man shanu, abin sai ƙara yaɗuwa yake yi. Kafin in sake komawa ya fito a kan yaran auta biyu, ya kuma fito wa Inna a wuyan hannu.

Auta tana zaune a gidan ne da 'ya'yanta, mijinta yana ci-rani a kudu, kuma ba ta da haƙuri a kan 'ya'ya. Ta tare ni tun daga zaure.

"Yaya, wagga mussa ba ta ƙara mako ga gidan ga. Buhu zan saka ta, a kai ta daji a yas. Dubi kan ɗiyana awa an yi musu aski da wuƙa maras kaifi."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma na san za ta aikata. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Inna tana zaune, mussa a cinyarta, tana shafa ta da hannun da makeron ya kama. Ba ta ce komai ba, ko ta bakin mussar. Ni ne na ce, "Mussa, ki ce a ɗaga miki ƙafa zuwa Asabar mai zuwa. Zan kawo magani daga Tambuwal." Inna ta ɗan gyaɗa wa bango kai.

A Tambuwal akwai likitan dabbobi, kuma ba baƙo ba ne a wurina, tare muka yi makaranta. Ofishinsa bai fi a taka da ƙafa daga makarantarmu ba. Na je har bakin ƙofar. Na tarar barandar cike da makiyaya, kowa da sandarsa, wannan yana zancen saniya ta kasa haihuwa, wancan yana zancen garke guda ya kamu da ciwon baki. Na tsaya na kwatanta kaina ina ratsa su da babbar riga in ce, "Likita, mussa ce ba lafiya." Na kuma tuna bakin abokin nan nawa, wanda tun muna yara idan ya kama mutum da tsiya sai ya yi shekara bai sake shi ba. Na juya kamar wanda ya yi ɓatan hanya.

Na ce bari in bari sai ranar kasuwa, in je kara inda ake sayar da shanu, in saya a wurin masu tebur, ba wanda zai tsare ni da tambaya. Nan ma ban yi dabara ba. Mai maganin yana ƙarƙashin rumfa, kwalabe jere a gabansa, dillalai sun cika benci suna cin goro, kuma rabinsu iyayen ɗalibaina ne. Suna ganina suka hau gaisuwa.

"A'a, Malam da kansa! Yau alli ya bar allo ke nan?"

Mai maganin ya gyara zama ya ce, "Malam, mi ab ba lafiya? Sa ko saniya?"

Duk suka zuba mini ido. Wallahi kalmar tana kan harshena. Gajeriyar kalma ce, yaro ma yana faɗinta. Na buɗe baki sai na ji kaina na ce, "Maraƙi ne."

Benci ya ɗauki murna. Ashe Malam ya fara kiwo! Allah Ya sa albarka, Allah Ya mai da shi garke. Ni kuma ina ta amin, amin, har da shafa fuska. Mai maganin ya tambayi abin da ya sami maraƙin, na ce gashi ne ke zubewa zagaye-zagaye. Ya miƙo wata kwalba ya ce wannan na kaska ne amma ba abin da yake bari a fatar dabba, a tsiyaya shi a gadon baya tun daga wuya har gindin wutsiya. Ya tambaya, "Babba na?" Na ce ƙarami ne. Ya ce yaya ƙanƙantarsa? Na ce ƙarami ne ƙwarai. Iyakar gaskiyar da na iya faɗa ke nan a wurin.

A jikin kwalbar akwai hoton saniya, akwai na tunkiya, akwai na akuya. Babu na mussa. Na gani sarai, ba zan ce ban gani ba. Sai na yi wa kaina lissafin malaman makaranta, na ce ai dabba dabba ce, in saniya tana shan ludayi, mussa sai ta sha ɗigo.

Asabar na yi sammako. Hanyar Kebbe da damina sai wanda ya bi ta, wani wurin babur ke ɗaukar ka, wani wurin kai ke ɗaukar babur. Na isa da hantsi, wandona duk taɓo, amma ina jin kaina kamar wanda ya ciyo yaƙi. Na durƙusa, na gaisa, na fito da kwalba na buɗe.

Inna a cikin shanu aka haife ta, a cikinsu ta tsufa. Wari yana isa hancinta ta ɗago.

"Mussa," ta ce, "warin maganin shanu nika ji."

Na ji ta sarai, na kuma gane abin da take nufi. Amma na riga na sha taɓo, na riga na karɓi addu'ar dillalai, ga auta tsaye a kaina ta riƙe ƙugu. Na ce, "Mussa, ki ce mata mai maganin ya ce shi ne daidai. Kaɗan za a sa."

Da wani ne cikin ƙannena, da Inna ta fizge kwalbar ta wurga bayan darni, wato dangar gidan, ta bi shi da zagi. Amma ɗan fari ba a ja-in-ja da shi. Ta faɗi iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa, na mayar mata da magana, shi ke nan ta yi shiru. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mussar ba ta yarda da hannun kowa sai nata. Don haka Inna ce ta riƙe mini ita, ta juyar da fuska gefe, ni kuma na tsoma tsumma ina dangwala wa wuraren makeron, na ƙara da layi guda a gadon baya kamar yadda aka ce a yi wa maraƙi.

Da aka sake ta, ta haye saman rumbu ta zauna. Sai ta fara abin da kowace mussa take yi, abin da na sha gani amma ban taɓa sa shi a lissafina ba. Ta hau lasar jikinta.

Mun idar da azahar ke nan na ji ihun auta. Na shigo na tarar da mussa a ƙasa a gindin rumbu. Kunnuwanta suna rawa, fatar bayanta tana motsi ita kaɗai, yawu yana dalala daga bakinta har ya yi kumfa. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafu suka ƙi, ta faɗi ta hau fizge-fizge. Auta da ke neman buhu makon jiya ita ce ta fi kowa rikicewa. Ta ce a ɗura mata nono, ta ce a'a manja, ta ruga ɗaki ta fito da farasitamol ta ce jikin da zafi a jiƙa a ba ta. Inna ta sunkuya da gwiwar nan mai ciwo ta ɗauki mussa ta rungume.

A ƙauyenmu waya ba ta samun sabis sai a wuri ɗaya, kan wani tsohon suri a bayan masallaci. Kusa da surin akwai bishiyar da maza suke zama bayan salla, kuma ranar ba wanda ya koma gona tukuna. Na ratsa su a guje, na tattare riga na haye suri, na kira abokina likita. Magana tana yankewa, dole in ɗaga murya.

Na ce na shafa wa dabba maganin kaska tana fizge-fizge. Ya ce wace dabba? Na dubi ƙasa, mutum sama da goma sun ɗaga kai suna kallona, har da taubashina, ɗan kawuna, wanda ba shi da aiki a duniya sai tsokanata.

"Mussa ce," na ce a hankali.

"Ba na jin ka!"

"Mussa ce! Mussar Inna!"

"Wa ya ba ka maganin kaska don mussa?"

"A kara na saya."

"Ka gaya wa mai maganin mussa ce?"

Na rufe ido na ce, da ƙarfin da duk ƙauyen zai ji, "Ce masa na yi maraƙi ne!"

Na jira dariyarsa, ba ta zo ba, kuma da ya yi dariyar da ya fi mini sauƙi. Ya ce in saurara da kyau. A wanke ta yanzu-yanzu da ruwan ɗumi da sabulun wanki, a sake wankewa, a sake, har warin ya fita. Kada a ɗura mata nono ko manja, za ta shaƙe. Farasitamol kuwa ko kusa, ya ce ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe mussa mai lafiya ma. A tsane ta, a naɗe ta, in kawo masa ita kafin rana ta faɗi.

Na sauko daga suri. Taubashina ma ya ɗaga mini ƙafa, ya adana tsiyarsa sai gaba.

A gida auta ta sirka ruwa a babban kwano. Inna ta durƙusa ta tsoma mussa a ciki, mussa tana ta bugun ruwa ba da saninta ba. Ni kuma na tsaya a kansu da sabulu a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Kan mussar ya sulluɓe ya nutsa.

Sai Inna ta kira sunana.

Sunana na yanka, cikakke, ba mai babur ba, ba wancan ba. Ta kira shi da tsawa, irin tsawar da take yi wa auta.

"Riƙe mata kai kar ruwa shi shiga hancinta! Kai nika wa magana, mi kaka kallo?"

Ta dube ni tsakiyar ido. Ban taɓa ganin idanunta a miƙe ba sai ranar. Ashe ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne, kuma wani farin zobe na tsufa ya kewaye su. Na zube a gabanta na tallabi kan mussa. Ta karɓi sabulu tana cuɗawa, tana ba ni umarni, ɗaga nan, juya ta, zuba ruwa, ba haka ba. Hannunta yana gugar nawa a cikin kumfa. Muka canza ruwa har na daina ƙirgawa, sai da wari ya tafi.

Ta kwance ɗankwalinta ta tsane mussa, ta kawo tsohon zane ta naɗe ta, aka sa ta a kwandon kaba aka ɗaure mini a gaba. Na tayar da babur. Na ɗan dakata ko za ta ƙara ce mini wani abu, ko da Allah Ya kiyaye hanya ne. Ta zo har zaure, abin da ba ta saba ba. Ta sunkuya kan kwando ta ce, "Mussa, ki dawo." Ta juya ta shige.

A hanya ne na kama kaina da abin da har yau idan na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa. Ina tafe ina kauce wa ramuka, ina jin karkarwar mussa a cikina ta jikin kwando, ban san ko za ta kai Tambuwal da rai ba. Can sai na lura fuskata murmushi take yi. Ina maimaita sunana a zuci da muryar Inna, yadda ta ja ƙarshensa, yadda ta haɗa shi da tsawa. Daɗi nake ji. Dabbar da ba ta yi mini komai ba sai alheri tana mutuwa a jikina saboda ni, uwata tana can hankalinta a tashe, ni kuma ina washe haƙora a kan babur kamar yaron da aka ba alewa. Na tsaya a gefen wata gonar dawa na yi istigfari, na tashi na ci gaba, ban yi nisa ba murmushin ya dawo.

Na isa da la'asar sakaliya. Barandar likita cike take kamar kullum. Na ratsa makiyayan da kwando a ƙirji, wutsiyar mussa ta leƙo ta gefe, suka dare suka ba ni hanya. Wani dattijo ya ce, "Allah Shi ba ta lafiya, Malam." Ba wanda ya yi dariya. Abin da na guje wa tun farko ke nan, kuma ga shi na yi shi ba abin da ya ci ni.

Likita ya yi mata allura, fizge-fizgen ya lafa, ya sa ta a wani ɗaki mai duhu. Sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatu, ni da nake yi wa 'ya'yan mutane. Ya ce makero ba ƙwaro ba ne mai ƙafa, wani irin funfuna ne da ke cin fata da gashi, ko na juye mata kwalbar duka maganin kaska ba zai taɓa shi ba. Ya ce jikin mussa ba ya iya fitar da irin wannan guba kamar na saniya, ga shi duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Ya ce yawancin mussoshin da ake kawo masa a wannan hali ba mugaye ne suka cuce su ba, masu son su ne, da maganin shanu, ko na feshin gona, ko baƙin mai, ko ƙwayar da mutum ya sha ya ji daɗinta. Maganin makeron kuwa ɗan man shafawa ne da ruwan wanka na musamman, a riƙa shanya tabarma da tsummokara a rana, a kai yara da Inna asibiti su karɓi nasu, sai kuma haƙuri na makonni. Da ya gama ya raka ni ƙofa ya ce, "Ka gaida maraƙi." Ai na san ba zai iya haƙura ba.

Mussa ta rayu. Bayan 'yan kwanaki na mayar da ita, ta rame, tana tafiya kamar mai jin jiri. Auta da kanta ta karɓi aikin shafa mai, ta sa leda a hannu tana yi tana mita. Kafin a yanke gero gashi ya fara tsirowa, kan yara ya warke, hannun Inna ya washe. A ƙauye kuwa mussa ta sami suna. Taubashina ya raɗa mata Maraƙin Malam, kuma duk inda ya gan ni sai ya tambaya ko an fara tatsa. Wannan duk na shanye, na ci abin da ya fi shi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne mussa ba ta manta ba. Da ta ji ƙarar babur ɗina daga nesa sai ta zabura ta haye rumbu, ba ta saukowa sai na bar gari. Na koma ajiye babur a gidan taubashina in taka da ƙafa, tana ganin hulata a zaure ta tsere. Na zo da kifi, na zo da tsire, na ajiye a gindin rumbu, kaji suka cinye. Inna kuwa ta koma yadda take. Sunan nan sau ɗaya ya fita bai sake fitowa ba, idanun nan ban sake ganinsu ba. In durƙusa, in jero gaisuwa, a amsa wa bango, mu zauna shiru ga tabarma ba kowa a tsakaninmu, in tashi in tafi. A da ban san abin da nake rasawa ba, yanzu na sani. Kuma ban san ko fushi take yi da ni ba, domin wadda zan aika ta tambayo tana saman rumbu.

Haka muka yi har aka gama kaka aka cika rumbuna. Wata Asabar na je na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Mussa ta riga ta haye wurinta, gashinta ya cika ya yi sheƙi, ta zuba mini ido daga sama. Na gaisa, aka amsa wa darni. Na ɗan zauna, na ga ba abin da zai canza, na dafa ƙasa zan miƙe.

Sai Inna ta ɗaga murya, ba ta bar ɓarar gyaɗarta ba.

"Mussa, ki sauko haka nan, ya isa. Ba don mugunta yay yi ba. Kunya ta." Ta fasa gyaɗa ɗaya, ta jefa ƙwayar a ƙwarya. "Ga nono yas sha ta."

Wato kunya ce ta sa ni, kuma a nononta na sha ta. Na koma na zauna. Na sunkuyar da kai ina kallon ɓawon gyaɗa har ya daina ganuwa sosai. Mussa ba ta sauko ba, ko motsi ba ta yi ba. Inna ta jira kaɗan, ta share hanci da bakin zane, ta sake ɗaga murya sama.

"To, daga nan inda kike, ki tambaye shi ko ya ci abinci."

Na ɗaga kai wajen rumbu na ce wa mussa ban ci ba.